Sabon shiga a zaurukan intanet: tambayoyi da amsoshi kan lakabin da ake masa da irin tarbar da yake samu

Shekara bakwai ke nan ina cikin masu riƙe da wani zauren masu kiwon kaji. A WhatsApp muka fara, da jama'a suka yi yawa muka buɗe wani a Telegram. A tsawon wannan lokaci babu abin da ya fi zuwa min ta bayan fage kamar kukan wanda bai daɗe da shigowa ba: an yi masa dariya, an yi biris da tambayarsa, ko an cire shi bai san laifinsa ba. 'Yan'uwana admin su ma suna da nasu ƙorafin, kuma ba duka ne na banza ba. Tambayoyin ɓangarorin biyu na tattara a nan, na amsa da abin da na gani da idona da kuma abin da na sani game da manyan dandalin duniya.

Wa ake kira sabon shiga, kuma yaushe mutum yake rabuwa da sunan?

A wasu dandali akwai ma'auni a rubuce. A Wikipedia ta Ingilishi, da zarar asusunka ya kwana 4 kuma ka yi gyara 10, na'ura da kanta za ta fitar da kai daga sahun sababbi, ta ba ka damar taɓa wasu shafukan da aka ɗan kulle. Akwai wani mataki a gaba, na kwana 30 da gyara 500. A zaurukan Facebook akan maƙala wa sabon mamba wata alama ta hannu mai ɗaga gaisuwa a gefen sunansa, bayan ɗan lokaci ta ɓace. A Discord, wata manhajar hira ta zauruka, ɗan koren tsiro ake sa masa.

Zaurukanmu na WhatsApp ba su da irin wannan. Abin da kawai ake gani shi ne saƙon da ke cewa lamba kaza ta shigo ta linki, sai kuma lambar da babu wanda ya adana ta a wayarsa. Tun da babu ma'auni, babu ranar fita. Mutum zai iya shekara guda ana kallonsa a baƙo, har sai ranar da wani daga cikin manya ya kira sunansa ya ce masa sannu da ƙoƙari. Wannan rashin ranar fita shi ne tushen yawancin matsalolin da zan ambata a ƙasa.

Waɗanne sunaye ake laƙaba wa sababbi?

Masu Turanci suna da "newbie", wadda aka daɗe ana amfani da ita tun kafin intanet ta zo hannun kowa, sai 'yan wasannin bidiyo suka gutsure ta ta koma "noob", kuma wannan ta biyun zagi ce tsagwaronta. A Najeriya muna da JJC, wato "Johnny Just Come", wanda aka aro daga Turancin buroka, da jambito da ake ce wa ɗan ajin farko a jami'a. Da Hausa kuwa za ka ji baƙo, sabon zuwa, ɗan koyo, sabon yankan rake. In an so cin fuska sai a ce bagidaje ko ɗan ƙauye.

Akwai ma lakabin da kamfani ya ƙirƙiro ba da niyyar zagi ba, mutane suka mayar da shi zagi. Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya yi shekaru yana sa hoton ƙwai ga duk wanda bai ɗora hotonsa ba, da ma'anar tsuntsun da bai ƙyanƙyashe ba tukuna. Sai masu buɗe asusu don zage-zage suka cika wurin da ƙwayaye, har ta kai duk mai hoton ƙwai ana masa kallon ɗan tasha. A 2017 kamfanin ya cire ƙwan, ya sa inuwar mutum mai ruwan toka.

Ni yadda nake rarrabewa: sunan da yake nuna tsawon zaman mutum a wuri, babu laifi. Wanda yake nuni da ƙarancin hankalinsa, wannan ba shi da gurbi a zauren da nake riƙe da shi.

Me ya sa tsofaffin 'yan zaure suke ɗaure wa sababbi fuska?

Ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko gajiya ce. A zaurenmu an amsa tambayar ranar da ake ba 'yan tsaki rigakafin gumboro da lasota sau ba adadi. Wanda ya amsa ta a watan jiya da shekaranjiya, in ya sake ganinta yau, sai ransa ya sosu. Abin da yake mantawa shi ne mai tambayar bai ga ko ɗaya daga cikin amsoshin ba. Shekara da shekaru tsarin WhatsApp shi ne wanda ya shigo yau ba ya ganin abin da aka faɗa jiya. In ka ce masa "je ka karanta sama", ka tura shi inda babu komai a wayarsa. A Telegram da sauƙi, domin admin zai iya buɗe wa sababbi tsofaffin saƙonni.

Wannan gajiya tana da tarihi. Kafin shafukan sada zumunta akwai wani tsarin tattaunawa da ake kira Usenet, wanda akasarin masu shigarsa 'yan jami'o'i ne da ma'aikatan bincike. Duk watan Satumba sababbin ɗalibai a Amurka suna samun damar shiga, su yi ta kwaɓa na 'yan makonni, a koya musu ladabin wurin, ƙura ta lafa. Tsakanin 1993 da 1994 kamfanonin da ke haɗa mutane da intanet, irin su AOL, suka buɗe wa miliyoyin kwastomominsu ƙofa. Sababbi suka riƙa kwararowa ba ƙaƙƙautawa, suka fi ƙarfin masu koya musu, har tsofaffin suka sa wa zamanin suna Satumbar da ba ta ƙarewa. Duk admin da ya taɓa sakin linkin zaurensa a Facebook, ya wayi gari ya tarar da mutum ɗari biyu sun shigo a dare ɗaya, ya ɗanɗani wannan Satumbar.

Abu na biyu tsoro ne, zan zo kansa. Na uku kuma, a faɗi gaskiya, son girma ne. Akwai wanda ba shi da wata daraja a zaure sai daɗewa, don haka yake gadin ta da tsawa.

Alamar da ake sa wa sabo, taimakonsa take yi ko tona masa asiri?

Ya danganta da irin mutanen da ke wurin. Stack Overflow, dandalin da masu rubuta manhajar kwamfuta suke tambaya da amsa tun 2008, ya yi ƙaurin suna wajen yarfa sababbi. A 2018 kamfanin da bakinsa ya fito ya amsa cewa wurin ba ya yi wa sababbi da mata da wasu jinsunan mutane kyakkyawar tarba. Cikin gyaran da suka yi a shekarar har da sa alama a kan sabon mai rubutu, tare da ɗan jan kunne ga mai amsa masa cewa ya bi shi a hankali. Wikipedia ma tana da ƙa'ida tun da daɗewa da ke cewa kada a ciji sababbi. Amma a can ɗin, wanda bai buɗe shafin kansa ba sunansa ja yake fitowa, kuma masu sintiri da yawa da sun ga jan suna sai su ƙara zuba ido, wani lokaci su soke gyaran tun kafin su karanta shi da kyau.

Hausawa na cewa amarya ba ta laifi. Asalin hikimar sa alama ke nan: a san wanda za a yi wa uzuri. Ina goyon bayanta da sharaɗi biyu, ta kasance tana da ranar cirewa, kuma a hukunta duk wanda ya mayar da ita abin tsokana.

Na shiga zaure an hana ni tura linki, saƙona ma sai admin ya duba. Raini ne?

A'a, ɗan'uwa, wannan kam ba raini ba ne, kuma kusan ko'ina haka ake yi. A Stack Overflow, tsarin da aka yi shekara da shekaru ana bi a baya shi ne da maki 1 kake farawa, sai ka kai 15 za ka iya jinjina wa amsar wani, sai ka kai 50 za ka iya yin sharhi a ƙarƙashin rubutun da ba naka ba. Manhajar Discourse, wadda dandali da yawa suke amfani da ita, tana da matakan amana daga 0 zuwa 4, kuma wanda yake matakin farko an taƙaita masa yawan linki da hotunan da zai iya sakawa. A Reddit zauruka da dama ba sa karɓar rubutu daga asusun da bai kwana biyu ba. A Discord mai zaure zai iya cewa sai mutum ya yi minti 10 da shiga kafin ya yi magana, ko sai ya tabbatar da lambar wayarsa.

Dalili shi ne ɓarawo ma ta ƙofar baƙi yake shigowa. Mu a nan mun san salon: mutum ya shigo zaure, ya kwashi lambobi, ya kira ka da sunan zauren ya ce za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lambobi 6, ka karanto masa don a sa sunanka. Kana karantowa ya ƙwace WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka a wurin 'yan'uwanka. Ga masu tallan jarin bogi, ga masu cewa suna da 'yan tsaki a farashi mai rahusa a turo kuɗi tukuna. Shi ya sa da WhatsApp ya kawo tsarin da admin zai amince kafin mutum ya shiga, a 2023, muka kunna shi a ranar.

Tsare ƙofa haƙƙin jama'ar da ke ciki ne. Abin da na ƙi shi ne a tsare ba tare da an gaya wa mutum dalili da kuma ranar da za a sake masa mara ba.

Ai mu ma a al'adarmu akwai matakai. Me ya bambanta su da na intanet?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin amsarta tana gabanmu tun kafin a ƙirƙiro waya. A tsangaya yaro yana farawa a kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, in Allah ya nufa ya kai alaramma, har gwani. Kolo suna ne na sabo, kuma gardawa sukan tsokane shi da shi. Amma kolo ya san abin da zai yi ya wuce wurin. Allonsa yana hannunsa, ya san inda karatunsa ya tsaya, akwai wanda yake biya masa, kuma yana ganin gardin da ya fara daga inda yake.

Haka shagon tela. Yaron da aka kawo koyo ba a miƙa masa almakashi da shaddar mutane ranar farko. Guga zai fara, da sa maɓalli, da kalmasa, da zuwa sayo zare. Daga nan a ba shi keke ya haɗa abin da maigida ya yanka. Yanka shi ne na ƙarshe, domin a nan ne kuskure yake cin kuɗi. Wata masaniya 'yar Amurka, Jean Lave, ta zauna da telolin Monrobiya a Laberiya tana nazarin wannan tsari, daga baya ita da Etienne Wenger suka gina bayani a kansa a 1991, wanda masu nazarin al'ummomin intanet suke yawan komawa gare shi. Abin da suka lura da shi shi ne ɗan koyo yana farawa daga gefe, amma aikin da yake yi na gaske ne, kuma an yarda shi ɗan gida ne tun ranar farko. Maɓallin da ya sa, da shi mai riga zai je sallar Idi.

To a nan zaurukanmu suka gaza. Mun ɗauko rabin tsarin, wato ƙasƙantar da sabo, mun bar ɗaya rabin, wato ba shi malami da ɗan aikin da zai fara da shi da hanyar hawa da yake iya gani. A shagon tela maigida ya san in bai koya wa yaro ba, shi zai kwana a kan keke daren sallah. A zaure kuwa tsoho ba ya jin asarar komai in sabo ya fita, don haka ba ya damuwa. Asarar tana nan, a hankali take bayyana: wata rana za a duba a ga mutum goma ne suke ta maimaita hirar da suka yi bara.

Ba a ce abin da aka sha wuya aka samu an fi riƙe shi da daraja ba? In an ɗan gasa sabo ba zai fi ƙaunar zauren ba?

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 1959 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Elliot Aronson da Judson Mills, sun gwada haka da ɗalibai mata: waɗanda aka sa suka yi abin jin kunya kafin a karɓe su cikin wata ƙungiyar tattaunawa sun fi yabon ƙungiyar, alhali da gangan aka shirya hirar ta zama marar daɗi. Sai dai wannan yana magana ne a kan wanda ya jure ya zauna. Ba ya ƙirga waɗanda suka juya. A makarantar kwana ɗan aji ɗaya ba shi da wurin gudu, dole ya haƙura da siniyoyi. A intanet fita danna wuri ɗaya ne.

Wikipedia ta Ingilishi ta ga haka. Yawan masu gyara na kullum ya kai ƙololuwa a 2007, daga nan ya shiga raguwa. Binciken da Aaron Halfaker da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya nuna cewa kayan aikin da aka ƙera don korar masu ɓarna suna haɗawa da sababbi masu kyakkyawar niyya, a soke aikinsu na farko a aika musu da gargaɗin na'ura, kuma wanda aka yi wa haka da wuya ya dawo. Cikin matakan da aka ɗauka akwai buɗe wani zaure na musamman a 2012, mai suna Teahouse, kamar a ce teburin mai shayi, inda sabo zai yi kowace irin tambaya a amsa masa da sakin fuska.

Ka taɓa ganin wanda irin wannan tarba ta cutar da gaske, ko dai ɓacin rai ne kawai?

Na gani, kuma da hannuna a ciki. Wata rana cikin hunturu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wani da ya shigo zaurenmu a makon ya turo hoto. 'Yan tsaki ne kwana uku da kawowa, sun dunƙule a lungu ɗaya wasu a kan wasu. Ya rubuta: "Salamu alaikum iyayen gida, don Allah me ke damunsu, suna ta mutuwa." Wani ya ce masa wanda bai san wannan ba me ya kai shi kiwo. Wani ya turo sitika ta dariya. Na uku ya ce a je a karanta sama. Ina riƙe da waya na gani, na ce a raina da safe zan yi masa bayani a natse, na kwanta.

Amsar layi ɗaya ce. Sanyi suke ji, ya ƙara musu ɗumi, ya toshe inda iska ke shigowa, ya rarraba su kada su danne juna. Da asuba na duba, ya fita daga zauren. Na kira shi. Ya ce, "Malam, ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri." Fiye da rabinsu sun mutu kafin gari ya waye, kuma da kuɗin adashen matarsa ya sayo su. Na roƙe shi ya dawo, ya yi godiya, bai dawo ba.

Tun daga ranar muka sa doka: tambayar da ta shafi rai ko asarar dukiya, a fara amsawa, faɗa ya biyo baya in ma akwai shi.

Na shiga zaure ina karatu amma ban taɓa magana ba. An ce mu 'yan laɓe ne, za a yi shara. Laifi na yi?

Ba ka yi laifi ba, kuma ku ne mafiya yawa a ko'ina. Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya bayyana wani ƙiyasi a 2006: a yawancin dandali, cikin mutum 100, kusan 90 karatu kawai suke yi, 9 suna magana jefi-jefi, mutum 1 ne yake yawancin zancen. Yin shiru a farko ma ladabi ne. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka, to yaya za ka gani in ba ka tsaya ka duba ba?

A wurinmu akwai ƙarin dalilai. Wata sai dare take samun aron wayar mijinta. Wani sai ranar kasuwa yake hawa inda akwai sabis. Wani data ce ba ta isarsa. Wani kuma yana karanta boko da kyar, kunyar rubutu yake ji, shi ya sa na ƙi yarda a hana saƙon murya a zaurenmu.

Da can admin suna da hujjar shara, lokacin da zauren WhatsApp ba ya wuce mutum 256. Tun 2022 ya kai 1,024, na Telegram kuwa yana ɗaukar har 200,000. In ba wuri ne ya cika ba, ban ga abin da mai shiru ya tsare wa kowa ba.

Dole ne in gabatar da kaina da hoto da sunan unguwa?

Sallama da suna da abin da ya kawo ka sun wadatar. Zauren sana'a zai iya tambayar gari, don a san wanda ke kusa da wa. Hoto, adireshin gida, ko aure gare ki ko babu, waɗannan ba hurumin kowa ba ne, kuma duk zauren da ya ce sai da su, ki kama gabanki.

Na juya maganar ga mata ne da gangan, domin su abin ya fi shafa. Mace ta yi sallama a zauren da ake cakuɗe, kafin minti biyar mutum huɗu sun bi ta akwatin sirri da "Hajiya barka da zuwa, daga wane gari?" Namiji sabo shariya ce matsalarsa, mace sabuwa kuwa yawan kulawar da ba ta nema ba. Da yawa daga cikin matan da suka fita daga zaurenmu ba a cikin zauren aka ɓata musu ba. Yanzu dokarmu ita ce duk wanda ya bi mace ta bayan fage ba da izininta ba, ta turo shaida, fita zai yi, ko shekararsa nawa a ciki. Mun taɓa cire ɗaya daga cikin waɗanda aka kafa zauren da su a kan haka, kuma ban yi nadama ba.

Ni daga Nijar nake. Da na yi magana sai a yi ta dariyar Hausata. Haka ake yi wa kowa?

Abin takaici, yana faruwa, kuma tun kafin ka yi magana. Wasu da sun ga lamba ta fara da +227 ta Nijar, ko +233 ta Gana, ko +237 ta Kamaru, ko +249 ta Sudan, sai su ce a yi hattara. Alhali Bahaushen Maraɗi ko Damagaram bai fi na Katsina nisa da tushen harshen ba. Mutumin Nijar ya ce ya sayi buhun dusa jika kaza, sai a yi ca a kansa maimakon a tambaye shi, a ji cewa jika sefa 1,000 ce. Ɗan zangon Kumasi ya ce "ya zo" yana nufin mace, sai gyara ya taso daga ko'ina. Basakkwace ma bai tsira ba in ya rubuta yadda yake magana.

Hausar Kano ce aka fi rubutu da ita, amma ba a saukar da ita daga sama ba. Shawarata gare ka kada ka canza harshenka don wani. In ka faɗi kuɗi ko ma'auni, ɗan ƙara bayani don a gane. Admin kuma aikinsa ne ya fito fili ya ce wannan ɗan'uwanmu ne, a bar dariya. Sau ɗaya in babba ya faɗa, yawanci an daina.

An ci min fuska a kwanakin farko. In rama, in yi shiru, ko in fita?

Kada ka rama a cikin zaure. Su sun san juna, kai ba wanda ya san ka, ko kana da gaskiya kai za a ba laifi. Ka ɗauki hoton saƙon, ka tura wa admin ɗaya cikin ladabi, ka ga abin da zai yi. Yadda ya amsa maka shi zai nuna maka ko mutum ɗaya ne marar kirki ko kuwa halin gidan ne. In halin gidan ne, zaure ba ɗaya ba ne.

Kai ma akwai naka. Ka karanta dokoki in an turo. Kada ranar farko ta zama ranar talla. In za ka yi tambaya, ka kawo ta cikakkiya: kwanan kajin nawa, guda nawa, me suke ci, me ka riga ka ba su. Mai irin wannan tambaya ko a zauren masu zafin kai yakan samu amsa. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya faɗi inda za shi.

Ni admin ne. Me zan gyara a zaurena?

Fara da rubuta amsoshin tambayoyin da aka fi maimaitawa a wuri ɗaya, ka riƙa tura wa duk wanda ya shigo tare da dokoki. Wannan kaɗai ya kashe rabin faɗan da ake yi a wurinmu. Dokokin kuma su zama gajeru, kowace da dalilinta. In akwai takunkumin da ake sa wa sababbi, a faɗi kwanakinsa. Namu mako biyu ne ba tura linki ba talla, ranar da ya cika kuma ba sai mutum ya roƙa ba.

Na biyu, kada ka bar tarbar baƙi a hannun kowa da kowa, domin abin da aka bar wa kowa ba mai yin sa. Mu mun ware mutum uku, mace ɗaya maza biyu, masu sanyin hali, kowane da kwanakinsa. Aikinsu su amsa sallama da sunan mai sallama, su kuma tabbata tambayar farko ta sabo ba ta kwana ba amsa. Ba lallai su san amsar ba, su dai kira wanda ya sani. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a zauren waya fuskar ita ce amsar farko da mutum ya samu.

Na uku shi ne mai wuya: hukunta tsoho a gaban sabo. In wanda kuka shekara biyar tare ya yi wa baƙo izgili a fili, a fili za ka ce masa, "Yaya, wannan bai dace ba." In ka bi shi ta bayan fage kaɗai, baƙon bai gani ba, sauran ma ba su gani ba, abin da kowa ya koya shi ne an yi an wuce lafiya.

Sai kuma ɗan aiki. Duk wanda ya cika wata guda a zaurenmu muna roƙonsa ya riƙa kawo mana farashin kiret ɗin ƙwai da buhun abinci na garinsu duk ranar Asabar. Ba ya buƙatar ƙwarewa, kowa yana amfana, kuma cikin 'yan makonni za ka ji ana cewa ina mutumin Funtuwa, yau bai kawo mana farashi ba. Biyu daga cikin admin ɗinmu na yanzu ta kawo farashin ƙwai suka fara.